Ƙwaryar Tauraro da Taku Miliyan Goma Sha Tara

Ku matso kusa, ku da Allah ya hore wa zama wuri ɗaya, ku ji labarin wanda bai samu wannan baiwa ba. Sunana Nomau ɗan Cindo, haifaffen Tudun Gawasa, can bayan duwatsun da ba ku taɓa hawa ba. Na taka ƙasa, na ƙetare ruwa, na ga abin da ya fi ƙarfin baki. Wannan da zan ba ku kuwa ban ƙara masa gishiri ba, sai ɗan abin da zai sa ya haɗiyu.

Sana'ata ta fari awon gona ce. Igiya biyu gare ni a jaka, doguwa da gajeriya. Idan mai sayar da gona ne ya cika mini ciki, sai in ɗauko gajeriyar, gonarsa ta kumbura. Idan mai saye ne ya yanka mini zakara, sai in ɗauko doguwar, gonar ta motse. Haka nake ci lafiya har ranar da na auna gona ɗaya sau biyu, wa mutum biyu, ashe surukan juna ne. A gaban dagaci aka zazzage jakata, igiyoyin nan suka faɗo tare kamar tagwaye. Dagaci ya jera su, ya dube ni, ya ce, "Nomau, tunda ƙasarmu ba ta da girma ɗaya a wurinka, je ka nemi wadda za ta ɗauke ka."

Na fita. Na ratsa Ƙasar Gishiri, inda ake gina ɗakuna da gishiri, ake ɗaure wa awaki baki don kada su lashe gari. Na ratsa wani daji da tsuntsayensa ke maimaita duk abin da mutum ya faɗa, inda na koyi yin shiru a karo na farko a rayuwata. Daga nan na ji labarin wata tsohuwa mai suna Inna Yalwa, a wani wuri da ake kira Rijiyar Tsaye. Aka ce aikinta duban sama da lissafi, mutane kuma suna kawo mata abinci. Na ce wannan ita ce sana'ar da ta dace da ni, a zauna a ɗaga kai a ci tuwo.

Na same ta a bakin rijiya, 'yar ƙaramar mace, idonta kamar na shaho. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ilimi nake nema.

"Me ka iya?" in ji ta.

"Awo, Inna."

"To, auno mini duniya."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta miƙo mini sanda da zare mai ƙulli arba'in. Ta ce, "Nan da kwana arba'in rana za ta tsaya daidai kan rijiyar nan da tsakar rana, har ta haska ƙasanta, sanda kuma ba zai yi inuwa ba. Ka nufi arewa sak, kana ƙirga takunka, kullum ka kwance ƙulli ɗaya. Ranar ƙulli na ƙarshe ka kafa sandan nan a tsaye, ka auno mini inuwarsa. Ka dawo mini da inuwa da taku."

Na yi tafiyar kwana uku, na tarar da wani gari mai nono da fura masu kyau, na ce a raina arewa ai ko'ina arewa ce. Nan na miƙe ƙafa. Da kwanaki suka cika na ƙirƙiro taku, na ƙirƙiro inuwa, na shafa toka a ƙafa, na koma ina ɗingishi.

Inna Yalwa ta karɓi lambobina, ta yi zane a ƙasa, ta ce, "Madalla. Bisa awonka, mai jaki zai zagaye duniya ya dawo kafin matarsa ta gama wankan jego." Sannan ta kama kumatuna ta ja. "Ɗan nan, wanda ya yi tafiyar wata ba ya dawowa da wannan. Rana za ta sake tsayawa kan rijiya nan da 'yan watanni. Za ka koma."

Na koma, wannan karon da gaske. Ƙafata ta yi faso, takalmina ya rabu da ni a hanya. Na yi taku miliyan ɗaya da dubu ɗari da tamanin, na kafa sanda, sai ga 'yar inuwa ta kwanta. Da na kai mata, ta ɗauko lemo ta soka masa tsinke biyu. Ta ce, "Duba. Da duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, da sandanka da nawa sun yi inuwa iri ɗaya. Amma dunƙulalliya ce, shi ya sa naka ya karkace. Karkacewar nan kashi ɗaya ce cikin arba'in da biyar na da'ira. To ninka takunka sau arba'in da biyar."

Na ninka. Taku miliyan hamsin da uku. Na zauna daɓas a ƙasa. Ni da nake wa mutane ƙwange a kan kunya biyu ta gero!

Shekara uku na yi a wurinta. Ta nuna mini taurari masu tafiya, Uɗaridu da Zara da Mirriku da Mushtari da Zuhal, da wasu biyu da ido ba ya gani sai da madubin hange. Ta koya mini girmansu da nisansu har na haddace. Rannan ta ce, "Kanka ya cika, amma gindinka ba na zama ba ne. Tafi, kafin ka fara sayar wa baƙi filaye a wata."

Tafiya ta kai ni Birnin Cibiya, gari mai ganuwa ja da ƙofofi tara. Ranar kasuwa na shiga. Ina cikin cin ƙosai sai ga sanƙira yana shela, kamar yadda ashe suke yi kowace kasuwa: "A ji, a sani! Ƙasar Cibiya ita ce kashi biyu cikin uku na duniya, saura kuwa fadama ce da kwaɗi!"

Dariya ta ƙwace mini, har ƙosai ya sarƙe ni. Kafin in gama tari na ji an ɗaga ni sama kamar ɗan tsako. Wani ƙaton dogari ne, wuyansa kamar turmi. Sunansa Mantau, ko da yake ban taɓa ganin abin da ya manta ba. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa, ya ce, "Baƙo, dokar garin nan, wanda ya raina girman ƙasa, yanke masa agara ake yi, don ya ja gindi ya ga ko ƙasar ƙarama ce."

Aka kai ni gaban mai mulkin garin, Magajiya Tarana, dattijuwa mai kaifin baki, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Kusa da ita ga Sarkin Awo Barmo, mai rawani kamar rumbu, wanda shi ne ya gaji wannan lissafi na kashi biyu cikin uku daga kakansa. A gefe kuma ga wanzami yana wasa aska, yana kallon dugadugaina da sha'awa.

"Kai ne mai dariya?" in ji Magajiya.

"Ranki ya daɗe, ƙosai ne ya sarƙe ni."

"Kafin ya sarƙe ka fa?"

Na ga ƙarya ba za ta fisshe ni ba, abin da ban saba gani ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni ƙwarya da 'yan hatsi da rabin yini. In abin da zan nuna bai gamsar da ke ba, ga ƙafafuna."

Barmo ya ce, "Ɓata lokaci ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Aska ba ta gudu. Ku ba shi."

Aka kawo ƙwarya mai faɗin kamu ɗaya. Na kife ta a tsakar fada, na ce wannan ita ce rana. Na ce wa Mantau ya riƙa ƙirga taku da ƙarfi. A taku ashirin da takwas na ajiye ƙwayar gero, na ce Uɗaridu. A hamsin da biyu na ajiye ƙwayar dawa, na ce Zara. A saba'in da biyu, daidai bakin zaure, na ajiye wata ƙwayar dawar.

Magajiya ta taso da kanta, fadawa na biye. "Wannan fa?"

"Duniya ke nan, ranki ya daɗe. Da tekunanta da duwatsunta da kowa da kowa."

Ta sunkuya, ta ƙanƙance ido. "Ina ƙasata?"

"A ba ni allura." Aka ba ni. Na ɗora tsininta a kan ƙwayar, na ce, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, na haɗa da ƙasar maƙwabta. Allurar ta yi kauri."

Wanzami ya gwada askarsa a gashin hannu. Ana cikin haka sai wata kaza ta ɓullo daga bayan zaure, ta zo gadan-gadan, ta tsince duniya, ta haɗiye, ta wuce abinta.

Wani bafade ya yi salati. Barmo ya ɗaga hannu yana ihu, "Kun gani! Ya sa kaza ta cinye ƙasar Magajiya!" Ni dai na riga na fara ban kwana da agarata. Sai na ji wani sauti kamar ana tace ruwa. Magajiya ce ke dariya, har tana dafa kafaɗar wata baiwa.

"A kamo kazar nan," in ji ta, "a naɗa ta sarauta, ta fi mu ƙasa. Kai kuma ci gaba. Amma ka sani dariya ba ta soke doka."

Aka sa wata ƙwayar, aka kafa mata mai gadi. Na ajiye Mirriku a taku ɗari da goma. Muka fita fada, gari ya biyo mu. A taku ɗari uku da saba'in na ajiye lemon tsami a ƙofar wani maƙeri, na ce Mushtari. A ɗari shida da tamanin na ajiye goro a tsakiyar 'yan tukwane, na ce Zuhal. Sauran biyun, gurjiya ɗaya-ɗaya, ta farko ta faɗa a marina, ta ƙarshe kuwa sai da muka fita ƙofar gari, taku dubu biyu da ɗari da hamsin. Magajiya ta waiwaya daga kan alfadarinta. Ko ganuwar fada da ƙyar ake hange, balle ƙwarya.

"Tsakaninsu fa, me ke ciki?" ta tambaya.

"Babu komai, ranki ya daɗe. Fili ne kawai."

Ta tsura wa gurjiyar nan ido a cikin ciyawa. Ni kuwa daji nake kallo, ga shi nan kusa, sai dai ga igiya a ƙuguna, ga Mantau a ɗaya bakin.

Barmo ya ga abin yana neman kuɓuce masa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wasan yara ne. Ya bar sauran taurari, don ya san suna nan bayan gurjiyar nan kaɗan, a jere kamar ƙusoshi a rufi."

Nan take wata dabara ta faɗo mini, har na ji daɗinta a haƙori. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranki ya daɗe, a bar maganar taurarin nan. Na gaji, kuma ba kowa zai so jin ta ba."

"Ni nake faɗin abin da za a bari," in ji ta. "Mafi kusa a cikinsu, me za a sa masa?"

"Ƙwarya, ranki ya daɗe. Shi ma rana ne kamar tamu, nisa ne ya mai da shi ɗigo."

"Taku nawa?"

Na faɗi gaskiya tsirararta. "Miliyan goma sha tara."

Ta juya wurin Barmo. "Sarkin Awo, ina ne wannan zai faɗa?"

Barmo bai taɓa ƙirga abin da ya wuce buhunan rumbu ba, amma ga gari duka yana kallonsa. Ya gyara rawani, ya lumshe ido, ya motsa yatsu, ya ce, "Bai wuce Kogin Baure ba, ranki ya daɗe. Ko ya wuce, da kaɗan. A cikin ƙasarki dai zai faɗa, tunda babu lambar da ta fi ƙasarki."

"To shi ke nan," in ji Magajiya. "Mantau, ka rantse. Ba za ka kwance igiyar nan ba, ba kuma za ka bari kowa ya tare shi ba, sai ya cika takunsa ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ranar da ya ajiye, ka juyo mini da shi, mu ƙarasa maganar agara." Mantau ya dafa takobinsa ya rantse. Da za mu tashi ta matso da alfadarinta kusa da ni, ta ce a hankali, "Baƙo, ni na iya ninka lamba. Ka gaida mutanen fadama da kwaɗi." Ta ba ni gyaɗa cike da hannu, ta juya.

Kwana shida muka isa Kogin Baure, iyakar ƙasar. Da muka haye na miƙe hannu na yi hamma, na ce, "To, Mantau, Allah ya raba mu lafiya. Kwance ni. Ka koma ka ce wani kada ne ya cinye ni a kogi."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Taku dubu ɗari da tamanin da huɗu muka yi, Malam. Saura miliyan goma sha takwas da dubu ɗari takwas da goma sha shida."

"Kai, wasa ne fa! Dabara ce na yi don in tsira!"

"Ni ba da wasa na rantse ba. Ɗauki ƙwarya."

Jama'a, ramin da na haƙa da hannuna, ni na fara auna zurfinsa. Na gwada duk abin da na sani. Na yi ciwon ƙarya, ya saɓa ni a kafaɗa yana ƙirga nasa takun. Na yi ta jefo masa lambobi don in rikita shi, ya bari na gama ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na taɓa gurza igiyar a kan dutse har ta kusa tsinkewa, ya zauna ya tufka sabuwa mai kauri biyu, ya kuma ce in riƙe masa bakin. Ƙwaryar kuwa ya yi mata ragaya ya rataya mini a wuya, don kada ta taɓa ƙasa kafin lokaci.

Muka ratsa ƙasar da mutanenta ke zaune a kan bishiyoyi saboda tururuwa masu girman ɓera. Muka ratsa wata inda ruwa ke daskarewa ya zubo fari kamar auduga, Mantau ya cika aljihu da shi zai kai wa Magajiya, ya narke masa a wando. Muka iso teku, na yi murna na ce nan dai taku ya ƙare. Sai ya samu matuƙan jirgi, ya ga yadda suke auna tafiya da igiya mai ƙulli, ya zauna da su yini guda har ya mai da awonsu taku. A wani tsibiri 'yan fashi suka kama mu. Shugabansu ya tambayi abin da ke cikin ƙwarya, Mantau ya ce masa tauraro ne. Suka dubi juna, suka ba mu guzuri, suka raka mu har bakin ruwa, don a al'adarsu ba a taɓa mahaukata.

A hanya na lura ƙaton nan ya daina kiran ƙasashen mutane fadama. Wata rana muna hutawa a kan wani tsauni, ƙasa ta miƙe a gabanmu har inda ido ya gaza, ya ce, "Malam, duk wannan a kan ƙwayar dawar nan yake?" Na ce ƙwarai. Sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Barmo."

Shekara biyu da wata uku muka yi. Wata hantsi muka iso wani gari mai suna Madatsa, a bakin tafki, mai dabino da kifi da mutane masu sakin fuska. Muna tsakiyar wani fili kusa da kasuwa sai Mantau ya ce, "Saura taku uku, Malam. Biyu. Ɗaya."

Na tsaya cak, ƙafata a sama. Na mai da ita baya a hankali.

"Taka mana," in ji shi.

"Mantau, maimaita mini rantsuwarka."

"Ba zan kwance ka ba sai ka cika taku ka ajiye ƙwarya. Ranar da ka ajiye in juya da kai."

"Wurin wanzami."

"Wurin wanzami."

"A cikin rantsuwar akwai ranar da aka ce lalle in cika?"

Ya yi tunani, ya sake yi, gumi ya keto masa. Ya ce, "Babu."

"To ni na gaji. Sai gobe."

A nan na kafa bukka, taku ɗaya kafin tauraro. Bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida. Ƙwaryar tana rataye a azara, ba ta taɓa ƙasa ba. Wurin takun ƙarshen kuwa na kewaye shi da ƙaya, na dasa gwanda a tsakiya don kada in taka da mantuwa. Mantau ya auri wata mai sayar da kifi, ya gina nasa gidan jikin nawa. Igiyar ba a kwance ta ba, sai dai kowace shekara muna ƙara mata tsawo, yanzu tana kai ni kasuwa da masallaci har da gona. Yaran gari sun saba tsallake ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowace safiya, bayan mun gaisa, sai ya leƙo ta katanga, da ɗansa a kafaɗa, ya ce, "Malam, yau za ka taka?"

Ni kuma in ce, "Sai gobe, Mantau."

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya koma ya ci ɗumamensa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Wanda bai yarda ba, ga bakin igiya, ya ja ya ga wanda zai fito.